Ƙyauren Gidan Gwaggo Tabawa

An yi wani sarki a Birnin Sansami, ana ce masa Mijinyawa, wanda Allah Ya hore wa mulki da wadata, amma bai bar masa kowa cikin magabatansa ba sai ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Tabawa, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Ta ƙi komawa fada, tana zaune a tsohon gidansu na unguwar Marina, wanda ba abin da ke ƙofarsa sai tufaniyar kara.

Wata shekara ɓarayi suka kore mata tumaki. Sarki ya fusata, ya umurci Sarkin Maƙera ya ƙera ƙyauren ƙarfe irin na fada, wanda ko hasken rana ba ya ratsa shi, aka kafa, aka ajiye dogari. Ɓarayi ba su sake zuwa ba, amma tsohuwa ta daina cin abinci, ta rame, masu magani suka yi iyakar ƙoƙarinsu ba su gane cutar ba.

Sarki ya kira Waziri Hayatu, abokin tasowarsa, ya ce, “Ya Waziri, in na cire ƙyauren nan na miƙa ta ga ɓarayi, in na bar shi ina tsoron na miƙa ta ga kabari. Nemo mini mafita, domin ba ni da wata uwa bayanta.”

Waziri ya tafi gidan bayan sallar asuba, ya tarar da ita zaune gaban murhu, toka ta yi sanyi. Ya durƙusa ya ce, “Gwaggo, yau babu wuta?”

Ta ce, “Hayatu mai kunnen ƙashi, wa zan hura wa? Abokinka ya rufe ni tun ban mutu ba. Jiya na ji muryar maƙwabciyata Ladidi a waje, ta ga dogari ta juya da kaskonta.”

Waziri ya koma fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, “Allah Ya ba ka nasara, ka tuna yadda Gwaggo ke binne gungumen ƙirya cikin toka ya kwana da wuta, da safe matan unguwa su yi ta shigowa da kasko suna ɗibar garwashi, wannan ta kawo albishir na haihuwa, waccan ta kawo ƙarar miji? A bakin murhun nan muke gasa masara, ta biyo mu da muciya. Ƙyauren da ka yi ya dace da gidan da ake shiga da iso, wannan gida kuwa ba a taɓa neman iso a cikinsa ba.”

Idanun Sarki suka kawo ruwa, ya ce, “Wallahi ƙamshin hayaƙin nan yana hancina har yanzu.”

Bisa shawarar Waziri aka mayar da ƙyauren maƙera. Aka sare rabinsa na sama aka jera sandunan ƙarfe, don na ciki ya ga fuskar na waje. Aka fasa ’yar ƙofa a tsakiya, aka sa mata sakata daidai hannun tsohuwa, ta buɗe da assalatu ta rufe da isha’i. Aka sallami dogari.

Bayan ’yan kwanaki Sarki ya je gaishe ta da sassafe tare da Waziri. Tun daga nesa ya hangi hayaƙi, ya tarar da mata da kasake, Gwaggo na tsakiyarsu da ƙwaryar kunu. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Ta ɗago kai ta ce, “Mijinyawa, shigo ko ka matsa, ka tare wa mutane hanya.”

Sarki ya yi dariya, ya cire alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya ce, “Na auna ƙofarta da tsorona, kai ka auna ta da halin gidan. Haƙiƙa adalci ba shi ne a ba kowa abin da sarki ke so ba, sai dai a ba kowa abin da ya dace da shi.”