Alƙalin Da Yake Kashe Muryar Masu Ƙara

An yi wani mutum. Labarinsa ya fara ne da hantsi, a Doha, ranar da tururin teku ya lulluɓe gari har dogayen gine-gine suka zama kamar suna rataye a sama, ba gindi. Titi shiru, domin lokacin kullen korona ne.

Ba zan faɗi sunansa ba. Alƙali ne na wata hukuma a wata jiha can gida Arewa. Aikinsa shi ne idan an kori ma'aikacin gwamnati, ya ga an zalunce shi, sai ya kawo kuka gabansa. Ya saurara, ya ce a mayar da shi ko a bar shi a kore. Abincin gidaje da yawa a bakin alƙalaminsa yake.

Ya zo ganin 'yarsa Raliya, likita ce, tana zaune a unguwar Bin Mahmud, sai aka rufe filayen jirgi. Hukuma ta ce ba komai, ya riƙa zama ta kwamfuta. Magatakarda ya jera masu ƙara a can, shi kuma ya saurare su daga nan.

Da farko yana saurare. Sai wata rana hannunsa ya taɓa maɓallin da ke ɗauke sauti. Ɗaki ya yi tsit. Mai ƙara na can bakinsa na motsi kamar kifi cikin ruwa. Shi kuwa ya ɗaga kai ya ga tantabaru suna kewaya rufin maƙwabta, ya ji wani sanyi ya ratsa zuciyarsa. Ya ce a ransa, ai na karanta fayil, me zai faɗa wanda ban sani ba?

Ya 'yan uwa, haka zunubi yake shigowa. Ba ya buga ƙofa. Kamar hutu yake zuwa.

Daga ranar, tun da safe yake rubuta hukunci. In an fara zama sai ya kashe sauti, ya ɗauki kofin shayi, ya riƙa gyaɗa kai yana kallon taga. Tunaninsa ya tafi gonar da zai kafa in ya yi ritaya, mangwaro layi-layi, rijiya a tsakiya. In ya ga bakin mutum ya daina motsi, sai ya kunna ya ce, “Hukuma ta ji.”

Cikin waɗanda suka zo akwai Aruna, direban motar asibiti. An kore shi, wai ya yi mako uku bai zo aiki ba. Gaskiyar magana, cikin ɗaukar marasa lafiya ya kamu da cutar, aka killace shi. Takardar killacewar na hannunsa. Ya ɗaga ta gaban kyamara har hannunsa ya gaji. Alƙali na ƙirga tantabaru.

Raliya ta shigo ɗaukar jakarta, ta tsaya bayansa.

“Baba, kana jin sa kuwa?”

“Ke likita ce, tsaya kan allurarki.”

“Ni ma ai sai na sa kunne a ƙirji kafin in rubuta magani.”

Ya yi dariya ya ce 'ya'yan zamani. Ya tabbatar da korar Aruna. Ko fuskarsa bai duba ba.

Aka buɗe hanya, bai koma ba sai jefi-jefi. Kullum da uzurin ganin likita. Ya saba da shirun nan, ya fi masa komai daɗi.

Har aka zo gasar ƙwallon duniya. Gari ya cika da tutoci da kiɗa. Aka ba shi tikitin wasan Kamaru na rana tsaka, kuma daidai lokacin yana da zama. Me zai hana ya ɗage zaman? Ba komai. Amma wanda ya shekara biyu ba ya saurare, me zai ɗage wa? Ya kira magatakarda ya ce sabis ba kyau, yau ba hoto, murya kawai. Ya shiga zaman ta waya, ya kashe sauti, ya jefa wayar a aljihu, ya hau jirgin ƙasa zuwa fili.

A can gida wata mai sharar asibiti, Shetu, tana tsaye gaban baƙin allon kwamfuta tana ba da labarin shekarunta goma sha tara a bakin aiki. A ofishin da ke kusa masinjoji na kallon wasa. Aka ci ƙwallo, kyamara ta bi 'yan kallo, ta tsaya kan wani dattijo da hula zanna, hannuwa sama, baki har kunne.

Wani masinja ya leƙo ɗakin zaman ya ce, “Baba Shetu, da wa kike magana? Ga Mai Shari'a can yana tafi.”

Kafin la'asar hoton ya gama wayoyi. Ga kuma hukuncin da ya turo, da sa hannunsa, yana cewa ya zauna ya saurara. Aka buɗe tsofaffin fayiloli. Mutum nawa ya kora saboda rashin zuwa aiki?

Aka kafa masa kwamiti, su ma ta kwamfuta. Kwana uku yana shirya bayani. Ya fara magana, ya kawo shekarunsa, ya kawo ciwonsa. Can sai ya lura ɗaya na duba waya, ɗaya na ɓare goro, shugabansu na gyaɗa kai yana kallon gefe. Ya san wannan gyaɗa kan. Nasa ne. Sai da suka ga bakinsa ya daina motsi, shugaban ya matso ya ce, “Kwamiti ya ji.”

Ban ce sun kyauta ba. Amma da mudun da ya auna aka auna masa.

Aka tuɓe shi. Kunya ta hana shi komawa gida. Masallacin unguwarsu ma ya daina zuwa, don akwai likitoci da injiniyoyin da suka san shi. Sai ya tafi masallacin unguwar Mansura, cikin direbobi da masu gadi, ya yi salla a sahun baya. Yanzu ya samu shirun da yake so. Waya ba ta ƙara, ba mai neman ra'ayinsa.

Ya 'yan uwa, ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma na san sauraro amana ce. Ba sai kana alƙali ba. Matarka in ta kawo kuka, ƙaninka, wanda ke aiki ƙarƙashinka, kana jin su, ko kai kawai kake gyaɗawa? Akwai ranar da kowannenmu zai tsaya shi kaɗai yana fatan a ji uzurinsa. Da wane ido za mu roƙa?

Wata azahar, zafi ya dawo, ƙasa kamar tanda. Aruna na cikin masallacin nan. Bayan korarsa ya zo Doha tuƙin bas lokacin gasa, ya zauna. Ya ga dattijon, ya gane shi, domin shi ya kalli fuskar nan sosai. Da Aruna ya fito sai ya ga takalman dattijon a rana, fatar ta ɗau zafi. Ya tsaya jim. Ya sunkuya ya ɗauke su, ya ajiye a inuwar bango, ya juya su yadda mai fitowa zai zura ƙafa.

Dattijon ya fito, ya sa takalmansa da sanyinsu. Ya wuce ta gaban Aruna, idonsa na sama wajen tantabaru.

Allah ya buɗe kunnuwanmu tun muna da sauran lokaci. Allah ya kiyaye mu, ya ji kukanmu ranar da ba mai jin wani. Amin.