Karen Da Tsohon Sarki Ya Zaɓa

A zamanin da, a wata ƙasa da sunanta ya rushe tare da ganuwarta, an yi wani sarki mai suna Barmo. Da tsufa ya cim masa, sai ya yi murabus, aka naɗa ɗansa na fari, Jatau. To, ƙasar tana da wata al'ada mai tsauri: sarki biyu ba sa kwana a birni ɗaya, kuma ba sa taka ƙofar juna. Saboda haka aka gina wa Barmo gida a bayan gari kusa da rafi, aka raka shi da kiɗa da busa, aka juyo aka bar shi.

Fadawan da suka sha rantsuwa a ƙofarsa za su mutu, kafin damina ta zagayo duk sun gano cewa hanyar tana da nisa. Abinci bai taɓa yankewa daga fada ba, sutura ma haka, amma akushi ba ya hira. Barmo yakan wuni a zaure yana jiyo tambarin fada daga nesa, kewar ɗansa tana cinsa, ba shi da wanda zai gaya wa. Waziri Salmanu kaɗai, abokinsa tun ƙuruciya, yake leƙo shi ran Juma'a.

Da Waziri ya kai wa Sarki Jatau labarin ramar da mahaifinsa ya yi, Sarki ya rasa abin da ke masa daɗi. Ya yi umarni a nemo wa tsohon kare mai kuzari, ko gidan ya sami motsi. Malamai suka yi gyaran murya, suka ce ba a ajiye kare sai don gadi ko farauta, don haka a bayyana wanne ne. Aka kawo biyu. Ɗaya na makiyaya ne, kakkaura mai faɗin ƙirji, wanda ba ya gajiya da zagaye abin da aka ba shi tsaro. Ɗayan kuwa wani falke ne ya zo da shi daga Azbin, dogo siriri kamar ba ya cin abinci, amma in ya zabura barewa ba ta tsere masa. Suka ɗan kwana biyu a fada, sa'an nan Waziri ya kai su, ya ce tsohon Sarki ya gwada su ya zaɓi ɗaya.

Na makiyaya ya kama aiki tun ranar. Ya zagaye gida, ya zagaye rumbu, ya kori akuyoyin maƙwabta, ya kori mai tallan nono, har wani makiyayi da kan tsaya su gaisa da Barmo ya sake hanya. Gidan ya tsaru ƙwarai, ya kuma ƙara shiru. Shi kuwa ɗan Azbin, gari na wayewa sai ya haura ta inda katanga ta zube, ya miƙe sai birni. Da yamma wani dogari ya jawo shi da igiya yana mita.

Ran Juma'a Barmo ya tambayi Waziri ina karen nan yake zuwa. Waziri ya gyara zaman rawaninsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, aibinsa ke nan. Irinsu ba sa manta hannun da ya fara ba su nama. Shi kuwa wannan, Sarki ne ya riƙa ba shi da kansa. Ni na ba Sarki wannan shawara, ban kuwa gaya masa dalili ba."

Barmo ya tuna shari'o'in da ya yanke yana kan gado, ya tuna wata tsohuwar doka ta maharba wadda ta girmi sarautar kanta: maharbin da yake bin sawun karensa ba a tare masa ƙofa, ko ta gona ko ta gida. Ya dubi abokinsa, ya ga yana ta kallon rufin zaure kamar bai ce komai ba.

Ya ce, "A mayar wa makiyaya nasu, garke ya fi ni bukatarsa. A shaida wa malamai, nawa na farauta ne."

Labari ya kai fada, fadawa suka yi ta dariya a ɓoye, wai tsufa ya taɓa hankalin mutumin, ya bar mai zama ya ɗauki mai gudu.

Washegari kare ya haura katanga. Barmo ya sa tsohuwar taguwa, ya rataya kwari da baka, ya dogara sanda ya bi shi. Tafiyar ta ba shi wuya, gwiwa tana ciwo, yana hutawa a gindin itatuwa. A ƙofar fada dogarai suka gitta sanduna, don sun gane shi. Aka kira Alƙali. Alƙali ya tambaya ko karen na wane ne, aka ce nasa. Ko na mene ne, malamai suka ce na farauta, da bakinsu suka shaida. Ya ce al'ada ta hana sarki shiga, ba ta hana maharbi ba. Aka janye sanduna.

Barmo ya tarar da karen kwance kusa da shimfiɗar Sarki. Jatau ya miƙe tsaye, ya sauko, ya durƙusa a gaban maharbin. Barmo, da yake bai taɓa kiran sunan ɗan farinsa ba, ya kau da kai ya ce, "Karena na biyo."

Sarki ya ce, "Ga shi nan, Baba. Sai dai ya gaji, ya kamata ya huta."

Barmo ya ce, "To, bari in jira shi."

Ya jira shi har la'asar, suna hira, suka ci abinci a akushi ɗaya. Kafin rana ta faɗi aka ɗora shi a kan doki ya koma, don kada a karya al'adar kwana.

Da magina suka zo gyaran gidan bayan damina, suka sami umarnin Sarki cewa kada wanda ya taɓa wurin da katanga ta zube. Ba a ma bukaci hakan ba, domin tun daga ranar, kowace safiya tsohon da kansa yake buɗe wa karen ƙofa, sa'an nan ya ɗauki sandarsa.