Gidan da Aka Ƙirga Daga Wancan Gefe

An ruwaito a tsofaffin littattafai cewa a birnin Kahlana an yi wani Sarki mai suna Zayyanu, wanda ba abin da ya ɗauke masa hankali kamar nardi. Nardi kuwa wasa ne na allo mai gidaje ashirin da huɗu, mutum biyu su zauna suna fuskantar juna, a jefa ƙasusuwa biyu masu ɗigo, kowa ya tura 'ya'yansa gwargwadon ɗigon da ya fito. Abokin wasansa shi ne Sarkin Zarmuna, tafiyar kwana goma sha biyu tsakaninsu, saboda haka da wasiƙa suke yi. Shekara tara wani falke, Sha'aibu, yana kai takarda yana kawowa.

Ran nan aka buɗe wasiƙa, aka karanta: "Na ɗauki ɗa daga gida na sha uku, na ajiye a na takwas."

Sarki ya ƙirga a allonsa, sai ga shi 'ya'yansa ne zaune a gida na sha uku. Ya murtuke fuska, ya ce, "Aminina ba zai sa hannu a 'ya'yana ba. Mai ɗauko takardar ne ya sake ta don ya haɗa mu. Nan da kwana uku a yanke masa hannun dama a bakin kasuwa."

To, Waziri Ukashatu tare suka tashi da Sha'aibu, unguwa ɗaya. Washegari ya je kurkuku, ya tarar da shi duk ya zabge. Ya ce, "Sha'aibu, tsakaninka da Allah, ka taɓa takardar nan?"

"Haba Ukashatu! Ni da ko karatunsu ban iya ba? Yadda sabon magatakarda ya liƙe ta, haka na kawo."

"Sabo? Ina tsohon?"

Sha'aibu ya ce, "Allah Sarki, Malam Hambali, ya riga mu gidan gaskiya da daminar nan. Ai shi abin dariyar fadar Zarmuna ne. In Sarkinsu ya yi wasa, sai tsohon nan ya tashi da ƙyar, ya zagaya, ya zauna a gefen allon da ba kowa, sannan ya rubuta. Fadawa su yi ta tsokanarsa wai ya koma wa Kahlana. Bai taɓa tanka musu ba. Shi kuwa sabon, a gefen ubangidansa yake rubutunsa, ba ya wannan zagaye."

Nan take abin ya faɗo wa Waziri. Kowane mai nardi daga gabansa yake fara ƙirga gidaje, gidanka na sha uku shi ne na sha biyu a wurin abokin wasanka. Ashe shekara tara tsohon nan yana zama a mazaunin Sarki Zayyanu, yana ƙirgawa da idonsa, bai gaya wa kowa dalili ba har aka binne shi.

Waziri ya nufi fada da sauri. Amma akwai matsala: Sarki Zayyanu ba ya yarda da magana sai abin da idonsa ya gani, kuma a Kahlana wanda ya ce wa Sarki ya tashi daga karagarsa, a bakin rawaninsa. Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ɗago, ya ga idanun Sarki jawur. Sai ya fasa faɗa. Ya ce a ransa, bari ya huce, ai da sauran gobe. Kai, tsoro bai yi ba! Mutum ya san gaskiya sarai, ya naɗe ta ya koma da ita gida.

Ranar hukunci da hantsi, bayan an wuce da Sha'aibu, sannan Waziri ya yi ta maza. Ya cire rawaninsa da kansa, ya ajiye gaban Sarki, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ga rawanin, na yafe. Roƙona ɗaya, ka taso ka zauna a wancan gefen allon, ka ƙirga daga can."

Sarki ya daɗe yana dubansa, sannan ya taso, ya zagaya, ya zauna a ƙasa. Ya sa yatsa yana ƙirgawa a hankali. Da yatsa ya kai gida na sha uku, sai ga 'ya'yan Sarkin Zarmuna zaune, hanyarsu zuwa na takwas a buɗe.

Sarki ya zabura, ya ce, "Subhanallahi! Maza a tsayar da hauni!"

Dogari ya sheƙa da gudu. Ina! Ko da ya isa bakin kasuwa, an riga an gama.

Sarki ya yi nadama ƙwarai. Ya mayar wa Waziri rawaninsa, ya ƙara masa da alkyabba saboda hikimarsa, ya kuma kafa doka cewa duk wasiƙar nardi a fara rubuta gefen da aka ƙirga a samanta.

Da la'asar Waziri ya je gidan Sha'aibu, ya same shi kwance, an ɗaure dungun da tsumma. Ya zauna ya kwashe labari duka ya gaya masa, yana hawaye.

Sha'aibu ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Yaushe ka gane?"

Waziri ya sunkuyar da kai. "Shekaranjiya. Tun ina wurinka."

Sha'aibu ya juya fuskarsa bango, ya ce, "Ranka ya daɗe, alkyabbar ta yi maka kyau."

Masu ruwaya suka ce Ukashatu bai sake sa alkyabbar nan ba, Sha'aibu kuma bai sake kiransa da sunansa ba. Suka ce mutum biyun da za su yi ƙirga tare, su fara shirya inda ɗaya take, kuma wanda ya gane gaskiya ya faɗe ta ranar da ya gane. Iyakar abin da na tarar a littafin ke nan, Allah ne mafi sani.