Haƙorin Korau a Tafin Hannun Nomau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa, sunansa Nomau. Wanzami ne. Yana aski, yana ƙaho, amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne cire haƙori. Abin da zan ba ku labari ya faro ne wata ranar Laraba, ranar kasuwar garin, a tsakiyar damina. Tun safe ake yayyafi, hadari ya ƙi saukowa ya ƙi tafiya, kasuwa duk ta caɓe da taɓo.

Ku matso, ku saurara. Ba zan ja ku da nisa ba.

Nomau yana da ƙa'ida biyu a sana'arsa. Ta farko, ladan aikinsa ɗaya ne: haƙori ɗaya, mudun gero ɗaya. Mai babbar riga mudu ɗaya, mai tsumma mudu ɗaya, wanda ba shi da shi ya kawo da kaka. Ta biyu, idan ya cire haƙori ba ya jefarwa. Sai ya ɗauraye shi, ya ɗora a tafin hannu, ya nuna wa mai shi, ya ce, "Ga ramin, ga inda ya ruɓe. Abin da ka biya ke nan." Sauran wanzamai dariya suke masa. Su da sun fizge sai su wurgar bayan rumfa. Kuɗinsu kuma hawa-hawa ne, na dubawa daban, na cirewa daban, na maganin tsai da jini daban, kuma sai sun dubi rigar mutum kafin su yanka masa farashi.

Kuna tsammanin mutanen garin sun gode wa Nomau? Ina! Ɗan Adam ne fa. Ƙorafi suke yi, wai mudu guda sukutum ya yi yawa a kan fizga ɗaya.

To a ranar nan sai ga Korau ya shigo rumfarsa. Korau baduku ne, mai ɗinkin takalma da jakar fata, kuma kaf garin babu wanda ya kai shi jan ciniki. Ko gishiri zai saya sai an yi kamar za a dambace. Kumatunsa ya kumbura kamar ya ɓoye goruba a baki. Kun san baduku, haƙori ma kayan aikinsa ne, da shi yake jan zare, da shi yake riƙe fata.

Nomau ya ce, "Sannu da jiki, Korau. Zauna."

"Ba zama na zo yi ba. Nawa ne?"

"Ka sani ai. Mudu ɗaya."

"Mudu ɗaya! Ni sai na wuni ina huda fata kafin in ga mudu ɗaya, kai kuwa ƙiftawa da bismilla. Rabi zan ba ka."

"To in cire maka rabin haƙorin?"

Mutanen rumfa suka kwashe da dariya. Korau ya dafe kumatu ya ce, "Ku yi ta yi. Haƙorin nawa, ni zan rasa shi, kuma ni zan biya. Wane irin adalci ne wannan?"

Nomau ya ce, "Ba haƙorin kake biya ba, barcin da ka rasa kake fansa."

Korau ya juye geron yana gunaguni, ya zauna, ya buɗe baki, ya ɗora yatsa a kan wani haƙorin tauna na ƙasa, can ciki.

Ku lura da nan. Al'adar Nomau, kafin ya kama haƙori sai ya ɗan ƙwanƙwasa shi da bakin awartaki, in mai shi ya zabura, to shi ne. Amma a daidai lokacin nan iska ta taso, rumfa ta yi duhu, ga wasu suna jira suna cewa ya yi sauri kafin ruwa ya kece. Sai Nomau ya yi gaggawa. Bai ƙwanƙwasa ba. Ya ce bismilla, ya kama, ya murɗa, ya fizge.

Ya ɗauraye haƙorin ya duba. Fari tas. Ya juya shi, babu rami, babu tabo.  Ya leƙa bakin Korau, ga ruɓaɓɓen nan zaune daram a wurinsa. Na kusa da shi ya cire, mai lafiya.

Korau bai ga komai ba, ya sunkuyar da kai yana tofar da jini. Mutum ɗaya ne ya gani, Sarkin Aska, shugaban wanzaman garin, wani dattijo da ya fake a rumfar saboda ruwa. Ya matso kusa da kunnen Nomau ya ce, "Sake shi ya faɗa taɓo. Ka ce masa ciwon ya kama na kusa, ka cire wancan, ka karɓi mudu biyu. Wa ya taɓa leƙa bakinsa da kansa?"

"Ranka ya daɗe, ai ina nunawa."

"Yau ɗaya kada ka nuna. Duk mun yi, ba a mutu ba. Kana da iyali, Nomau."

Jama'a, ku tsaya nan ku auna kanku. Ba a ce ya yi sata ba, ba a ce ya yi rantsuwa ba. Yatsu kawai zai buɗe. Ga taɓo a ƙarƙashin ƙafarsa, taɓo kuwa ba ya ba da shaida. Sunansa ya tsira, ya ƙara da mudu guda.

Nomau ya buɗe yatsun, amma a gaban idon Korau ya buɗe su.

Ya ce, "Korau, ɗago ka gani."

Korau ya ɗago, ya ƙura wa haƙorin ido, ya ce, "Ina ramin?"

"Babu rami. Mai lafiya na cire maka. Kuskurena ne."

Ba sai na faɗa muku abin da ya biyo baya ba. Korau ya miƙe yana ihu da jini a baki, har masu mai da masu daddawa suka bar kayansu a ruwa suka zo kallo. Babu sunan da bai kira Nomau da shi ba. Da Nomau ya ga numfashinsa ya ƙare, sai ya ce, "Duk abin da ka faɗa ka yi daidai. Amma mai ciwon yana nan. Zauna in cire shi, ba ko ƙwayar gero." Ciwo ba ya barin mutum ya yi zuciya. Korau ya zauna. Wannan karon Nomau ya ƙwanƙwasa, ya cire, ya nuna masa ramin, ya mayar masa da geronsa cikin jaka, ya ce, "Gobe mu je wurin alƙali."

Korau ya ce, "Ni zan kai ka!"

Ya ce, "A'a, tare za mu tafi."

Da ya koma gida, matarsa Tabawa ta riga ta ji labari. Ta ce, "Maigida, ka ba shi haƙuri, ka mayar masa da geronsa, ka cire masa na biyu kyauta. Me kuma zai kai ka gaban alƙali da ƙafarka?"

Ya ce, "Tabawa, gero ladan aiki ne, na mayar. Haƙorin fa? Ni kuɗin cirewa na sani, ban san kuɗin haƙori ba. Wanda ya halicce shi ya riga ya sa masa kuɗi, zan je in ji."

Ta ce, "In ka ji ya fi ƙarfinka fa?"



Da gari ya waye Nomau da Korau suka gurfana gaban alƙali, Sarkin Aska ya bi su ya zauna a bayan Nomau. Alƙali ya ji bayani, ya dubi Korau ya ce, "Wane haƙori ka nuna masa? In wanda ya cire ɗin ka nuna, babu komai a kansa."

 Korau mai ciniki ne, amma ba maƙaryaci ba ne. Ya ce, "Allah ya gafarta malam, ban sani ba. Duk gefen ne yake min zugi. Na dai sa yatsa."

Kun ga ƙofa ta biyu ta buɗe? Mai ƙara da kansa ya ce bai sani ba. Sarkin Aska ya ja gefen rigar Nomau, wato ka yi shiru, Allah ya fid da kai.

Alƙali ya ce, "Kai fa, wanzami?"

Ya ce, "Daidai ya nuna, na gani da idona. Ni ne na yi gaggawa saboda hadari, ban ƙwanƙwasa ba."

"Ka san diyyar haƙori?"

"Ban sani ba."

"Raƙuma biyar ne, ko kimarsu. Har yanzu maganarka tana nan?"

 Nomau bai taɓa mallakar ko igiyar raƙumi ba. Ya ce, "Tana nan, Allah ya gafarta malam. Yawan raƙuma ba zai canza inda ya sa yatsa ba."

Aka duba abin da ya mallaka. Gona ɗaya ta gado, gero ya fara fid da kai a cikinta, sai jaki, sai tumaki biyu. Aka yi musu kima, ba su kai ba. Korau ya ce ya yafe ragowar. Amma gonar ya karɓa, da jakin, da tumakin. Kada ku jira in gyara muku labari ya yi zaƙi. Ya karɓa, kuma haƙƙinsa ne.

Rumfar Nomau ta yi tsit. 'Yan kasuwa suka sami abin tsokana: "In kana da haƙori mai lafiya da ya ishe ka, je wurin Nomau." Ragowar daminar nan a gonakin mutane ya yi ta, yana ƙwadago, shi da ya saba a zo a durƙusa a gabansa a buɗe baki. Tabawa ta daɗe ba ta sakar masa fuska ba.

Da kaka ta yi, sai ga Korau a ƙofar gida, ya koro jakin nan da dammunan gero. Ya ce, "Kada ka gode min, ba na so. Ƙasar tawa ce, alƙali ya ba ni. Amma ba ni na yi shuka ba, ba ni na yi noma ba. Ni baduku ne, ba na cin gumin wani." Ya sauke, ya kora jakinsa ya tafi.

Kuma kun san Korau da baki. Duk wanda ya kawo masa gyaran takalmi sai ya buɗe masa baki ya nuna giɓi biyu. Ya ce, "Wannan ciwo ne ya ci shi. Wannan kuwa da ba don wanzamin ya faɗa da bakinsa ba, har in mutu ba zan sani ba, da ma mudu biyu zan biya in yi godiya." Sai kowa ya fara zura harshe cikin giɓin bakinsa yana tunani: haƙoran nan da na biya aka cire min a wasu rumfuna, wanne na gani da idona? Da ɗaiɗai da ɗaiɗai suka dawo wurin Nomau. Ƙorafin mudu ɗaya ya mutu, ba don mudun ya ragu ba, sai don sun san abin da suke biya.

Ana nan, wata rana da hantsi, sai ga Sarkin Aska da kansa, kumatu a kumbure, ya wuce rumfunan wanzamai ɗaya bayan ɗaya, ya zo ya zauna a gaban Nomau.

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ga yaranka can ka wuce."

Ya ce, "Na san su. Ni na koya musu."

Ya auna mudunsa ba ciniki. Da aka cire, ya miƙa hannu ya ce, "Nuna min."

To jama'a, abin da ya sa na kawo muku wannan, kwanan nan duk inda aka zauna sai an yi kukan kuɗin asibitin haƙori. Kuɗin kati, kuɗin hoto, kuɗin allura, kuɗin cirewa, wani a caje shi kaza, na bayansa a caje shi kaza. Kukanku yana kan hanya. Amma ku gane, ba tsadar kaɗai ke cin rai ba. Abin da ke cin rai shi ne ka biya kuɗin abin da ba ka iya gani, a hannun wanda ba ka san ko zai gaya maka gaskiya ba. Mai aikin haƙori, in kana jina, ka faɗi kuɗinka tun kafin a buɗe baki, ka faɗi ɗaya ga mai mota da mai keke, ka nuna wa mutum abin da ya biya. In ka yi kuskure, kada ka sa mai ciwo ya biya kuskurenka. Kai kuma mai ciwo, ka tambaya a nuna maka, in an nuna maka ka biya ladan aiki ba gunaguni.

Kada kuma ka juya kana neman likita a cikin taro. Kai makanike, mai mota bai taɓa leƙa cikin injinsa ba. Kai tela, mai yadi bai san abin da ya rage ba. Kai mai gyaran waya, kai mai awo, kowannenmu akwai ranar da haƙorin wani zai kasance a tafin hannunsa, mai shi ya sunkuyar da kai, ga taɓo a ƙasa. Ranar nan ake sanin mutum. Amana ita ce abin da ka yi a inda mai abu ba ya gani, Allah kuwa yana gani. Allah ya ba mu ikon buɗe hannu a gaban mai haƙƙi.

In kuna son lissafi, ga shi. Korau ya rasa haƙori ɗaya mai lafiya, bai sake tsirowa ba. Nomau ya rasa gona ɗaya, da jaki ɗaya, da tumaki biyu, ba su dawo ba har ya koma ga Allah. Iyakar abin da ya rasa ke nan.