Kwalin Malam Tanimu

An yi wani mutum a wani gari, bawan Allah, Malam Tanimu, shi ke sayo wa laburaren wata kwaleji littattafai. Ku saurara, jama'a. Ran nan jarrabawa ta matso, ɗalibai suka cika laburare da hayaniya: littattafan intanet da aka ce an saya musu, sun duba kwamfuta, babu ko ɗaya!

Shugaban laburare ya fito rai a ɓace, ya nufi Hajiya Lantana, wadda ke shigar da sunan kowane sabon littafi a kwamfuta don mai nema ya samu.

"Hajiya, tun yaushe aka saya, ba ki shigar ba? Yau za ki bar kujerar nan!"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni fa kwali nake jira! Shekara da shekaru, in littattafai sun iso, kwali ake dire mini."

Ɗalibai suka kwashe da dariya. Littafin intanet, wane kwali?

To ku duba. Malam Tanimu na tsaye, ba wanda ya kalle shi. Shi dai ya saya, nasa ya ƙare. Da ya yi shiru ya tsira. Wallahi da ya yi shiru ya tsira! Amma zuciyarsa ta ƙi.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar Hajiya. Ni kaɗai kamfanin da ya sayar mana ya sanar wa an buɗe mana su, ni kuma ban leƙo na gaya mata ba. Abin da ba a gani, ta yaya za ta san ya iso?"

Shugaba ya juyo ya yi masa tatas a gaban ɗalibai. Malam Tanimu ya shanye. Ya jawo kujera kusa da Hajiya, yana karanto sunaye tana bugawa. Kafin la'asar yara sun samu littattafansu, Hajiya na kan kujerarta.

Tun daga ranar, duk sa'ad da aka sayi littafin intanet, sai ka ga Malam Tanimu ya kinkimo kwalin taliya, ba komai a ciki, yana nishi.

"Hajiya, kaya sun iso!"

"Sannu da ɗawainiya, Malam. Sauke a hankali, kar su fashe."

Sai su zauna su shigar tare.

'Yan'uwa, gaskiya ita ce ka faɗi naka laifin lokacin da ake kallon wani. Kuma aikinka bai ƙare ba sai wanda zai karɓa daga hannunka ya san ka gama. Kai da ke barin aiki ka miƙa wa abokinka, ke da ke barin majinyaci a hannun wata, ku tsaya ku yi bayani kafin ku ɗauki jaka. Allah ya sa mu gane.