Mutumin da Yake Auna Ruwa

An yi wani mutum a nan unguwar Mitchells Plain. Ba zan faɗi sunansa ba, don wasunku tare kuka yi islamiyya da shi. Mai gyaran wutar lantarki ne, kuma ya iya aikinsa. Yana zaune da mahaifiyarsa, Anti Gabieba, wadda ciwon suga ya cinye mata ido har sai ta lalubi bango take tafiya. Kafin idon ya tafi, rabin layin nan da kusistarta, fanken nan nata mai kwakwa, muke karyawa ran Lahadi.

Da shan wiwi ya fara. Da aka soma cewa kotu ta sassauta, sai ya ce me zai kai shi saye a hannun 'yan daba, gara ya shuka abinsa. Ya kwashe kayan ɗakin marigayi mahaifinsa, ya rataya fitilu, ya jera tukwane.

Ya 'yan uwa, ban taɓa ganin an yi wa shuka irin wannan bauta ba. Ruwan famfo, in ji shi, bai dace da ita ba sai an gyara. Zai tara a bokiti, ya zuba takin ruwa, ya tsoma wani ma'auni mai kama da biro. In lambar ta hau, ya ɗiga asid, ya motsa, ya sake aunawa. In tsamin ya yi yawa, ya tuntsurar da bokitin ya sake sabo. Ran da ganye ɗaya ya yi rawaya ko abinci ba ya ci.

Kuma a yaushe? A shekarar farin nan, lokacin da muke tara ruwan wanka don zuba wa bayan gida. Yayarsa Ruwayda ce take ɗauko wa tsohuwar ruwa a gorunan roba tun daga unguwar Athlone. Wata rana ta tarar da shi yana zubar da bokiti guda.

Ta ce, "Kai dai ba ka da kunya. Ganye na shan ruwan da aka auna, Mamie na alwala da rabin kofi."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, Mamie ai kowane ruwa ta samu sha take. Waɗannan kuwa 'yan mata ne, sai da lallashi."

Ni ma na yi masa magana a ƙofar masallaci. Ya ce doka ta yarda, kuma tsiro ne da Allah ya halitta. Na ƙyale shi.

Asid ɗin nan a jarka suka saya da wani abokinsa suka raba. Nasa kason ya juye shi a gorar roba, irin waɗanda Ruwayda take kawowa. Fari ne tas kamar ruwa. Wata Talata da hantsi ya haɗa takinsa a kicin, ya bar gorar a bakin wurin wanke-wanke, ya shiga ɗaki ɗanɗana sabon girbi. Ya toshe kunnuwa da kiɗa, barci ya kwashe shi.

Aka kira azahar. Tsohuwa ta kira sunansa, shiru. Ta bi bango zuwa kicin, hannunta ya faɗa kan gora. Ta yi bisimilla ta wanke hannu. Suga ya daɗe da kashe mata yatsu, ba ta ji zafin komai ba. Ta kamfata ta kai baki. Ta shaƙe, ta haɗiye.

Maƙwabciya ce ta ji faɗuwarta. Har motar asibiti ta zo ta tafi bai farka ba.

Ta yi kwanaki a asibiti ba ta iya magana, maƙogwaron ya ƙone. Ran da za ta cika, ta motsa leɓe. Ya sunkuya ya kara kunne, yana jiran ko tsinuwa ko yafiya. Abin da ta ce shi ne, "Ban gama alwalar ba."

Bai sake shiga ɗakin shukar nan ba. Shukar ta bushe a ƙarƙashin fitilu, ba wanda ya kashe su sai da wutar ta ƙare. Aiki ya gagare shi. Ruwayda ta ɗauke shi zuwa gidanta, ta ce ko kofin ruwa aka miƙa masa sai ya tsoma ma'aunin nan, ya daɗe yana kallo, ya zubar. Ya bushe, leɓɓansa duk sun tsage. Yakan ce yana jin ana laluben bango a kicin.

Kun gan shi, ko ba ku gane shi ba. Shi ne yake tsayawa a wurin alwala ba ya buɗe famfo. Juma'ar da ta wuce ya damƙe hannun wani dattijo da ya kamfato ruwa, yana cewa, "Baba, tsaya, kar ka kai baki, ban auna ba tukuna." Na karɓi ma'aunin na duba. Batirinsa ya daɗe da mutuwa.

Ya 'yan uwa, wannan mutum ba ganganci ne halinsa ba. Ya iya kula, ya iya haƙuri, ya iya tashi a kan lokaci. Duk Allah ya ba shi. Amma a ina ya zuba su? Saɓo ba ya tsayawa a hankalin da ya gusar. Yana kwashe kulawar da take haƙƙin iyayenka da iyalinka, ya kai ta inda ba ta da lada, har ranar da za a kira sunanka ba ka ji ba. Kowa ya tambayi kansa: mene ne nake yi wa hidima a bayan ƙofa, kuma wa na bari yana lalube?

Allah ya gafarta wa Anti Gabieba, ya karɓi sallar da ta yi niyya. Allah ya mayar wa ɗanta hankalinsa, ya ba shi ikon tuba. Mu da zuriyarmu, Allah ya kiyaye mu. Amin.