Tohon Tattasai

Akwai wani mutum mai lambun tattasai a bakin rafi, da shi yake ciyar da iyalinsa. Wata shekara cuta ta shiga lambun, ganye suka nannaɗe, suka yi rawaya. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ɗauki fartanya zai tumɓuke duka ya ƙone.

Sai ga Keziya, 'yar ƙanensa, wadda ta karanci aikin gona, ta zo gaishe shi. Ta sunkuya ta duba wata shuka, ta miƙe da sauri ta ce, "Baba, dakata! Dubi tohon nan na sama!"

Ya duba, ga ganye biyu ƙanana, kore shar, babu tabo.

Ta ce, "Shukar tana yaƙi da cutar! A cikinta akwai umarni iri-iri, wannan ya ce yi fure, wancan ya ce yi saiwa. Akwai kuma 'yan aike ƙanana, masana suna kiransu ƙananan RNA, su ne ke ce wa umarni, 'Yi shiru, lokacinka bai yi ba.' Da cutar ta kawo mugun umarninta, shukar ta daddatsa shi, ta mai da gutsattsarin 'yan aike, ta tura su sama. Duk inda suka ji muryar cutar, sai su toshe mata baki."

Ya ce, "Abin da ido ba ya gani?"

Ta ce, "Ko da tabarau ba a ganinsu, Baba. Ba kullum suke nasara ba, amma ka ba su mako biyu."

Ya ajiye fartanya. Da mako biyu suka cika, fiye da rabin lambun ya yi sabon ganye, har da fure. Mutumin ya ruga cikin gari ba takalmi, yana kira, "Jama'a, ku zo ku gani! Lambuna ya tashi!"

Ga ma'anar misalin, ƙaunatattu. Lambun nan zuciyarmu ce, cutar kuwa zunubi ne. Ƙananan 'yan aiken su ne muryar Ruhu Mai Tsarki, wadda ba ta ihu, amma takan ce wa fushi da gulma, "Ku yi shiru!" Har kuskuren jiya Allah yakan mai da shi gargaɗin gobe. Haleluya! Saboda haka kada ku yi saurin fid da zuciya ga ɗan'uwan da ya faɗi. In kun gan shi ya shigo sujada ya raɓe a bencin baya, ku matsa masa wuri.